Royal Opera House na Mumbai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gidan Waƙar da Ya Koma Sinima

A kudancin birnin Mumbai na ƙasar Indiya, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Charni Road, akwai wani gini da ya haura shekara ɗari a tsaye. Sunansa Royal Opera House. Don mawaƙa da 'yan wasan Turai aka gina shi, amma mafi yawan rayuwarsa ya yi ta ne yana haska finafinai. Daga baya ya yi shekara 23 a garƙame, sannan aka sake buɗe shi a 2016. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Da farko ma, mece ce opera, kuma me ya sa sai an gina mata gida na musamman?

Wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe. Gaisuwa waƙa, faɗa waƙa, mutum ko mutuwa zai yi a labarin sai ya rera kafin ya faɗi. A Italiya aka fara shi wajen shekarar 1600, a fadodin masu sarauta na birnin Florence da maƙwabtansa. A 1637 aka buɗe gidan farko a birnin Venice inda kowa zai iya biyan kuɗi ya shiga, daga nan abin ya bazu a Turai.

Dalilin gida na musamman shi ne murya. A wancan zamani babu lasifika. Mawaƙi guda zai tsaya a kan dandamali, a gabansa ga makaɗa da mabusa gommai suna ta aiki, kuma dole na can ƙarshen bene ya ji abin da yake faɗa. Saboda haka ake zagaye zauren kamar kofaton doki, a ɗora benaye hawa-hawa don kowa ya kasance kusa, a haƙa rami a gaban dandamali a saka makaɗa a ciki don kada kiɗa ya danne murya. A gefe da gefe kuma akan yi wasu 'yan ɗakuna masu baranda inda manya ke zama da iyalansu. Can saman dandamali ana barin sarari mai tsawo inda ake rataye labulaye da zane-zanen da ake saukarwa da igiya idan labari ya koma wani wuri. A riƙe waɗannan abubuwa, domin kusan duk cikinsu babu wanda sinima take buƙata, kuma nan rigimar ginin ta samo asali.

Wa ya gina na Mumbai, kuma yaushe?

Mutum biyu ne suka haɗa hannu. Na farko Jehangir Framji Karaka, attajirin dillalin kwal, ɗan al'ummar Parsi, wato zuriyar mabiya addinin Zoroaster da suka baro Farisa suka zauna a yammacin Indiya tun ƙarnoni da dama. Na biyu Maurice Bandmann, haifaffen birnin New York, wanda ya kafa sansaninsa a Kalkata yana yawo da ƙungiyoyin 'yan wasa da mawaƙa a jirgin ruwa, tun daga Gibraltar da Malta da Masar har Singapore da Hong Kong da Japan. Bandmann yana buƙatar babban zaure a Bombay, kamar yadda ake kiran birnin kafin 1995, inda tawagarsa za ta yada zango. Karaka kuma yana da kuɗi da sha'awa.

An aza harsashi a 1909. A ƙarshen 1911 Sarkin Ingila George na Biyar ya sauka Bombay a hanyarsa ta zuwa babban taron sarauta na Delhi, kuma a wannan shekara ne aka buɗe gidan, ko gama shi ba a yi ba, ya kuma samu laƙabin sarauta a sunansa. An kammala babban aikin a 1912, aka ci gaba da ƙare-ƙare na wasu 'yan shekaru.

Mutane da yawa suna zaton gwamnatin mulkin mallaka ce ta gina shi. Ba haka ba ne. Jarin 'yan kasuwa ne, kuma tun ranar farko dole tikiti ya biya albashi da haya. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin duk abin da ya biyo baya ba.

Yaya ginin yake?

An yi shi ne a salon ginin Turai da ake kira Baroque, mai yawan ado da sassaƙa. A fuskarsa akwai ginshiƙai, a sama da su wani goshi mai kusurwa uku cike da mutum-mutumin makaɗa, a can ƙololuwa kuma siffofin yara uku masu fukafukai. Idan aka shiga, akwai ƙubba da aka raba gida takwas, an ƙawata ta don girmama mawaƙa da marubuta da masu fasaha. Daɓen na tayil ɗin Minton ne daga Ingila, ga kuma marmara. Manyan fitilun ƙarau guda biyu da ke rataye a mashiga kyauta ce daga gidan David Sassoon, attajiran Yahudawan Bagadaza da suka yi ƙarfi a kasuwancin Bombay. Wurin zaman 'yan kallo hawa uku ne.

Dubi jerin nan da kyau: kuɗin ɗan Parsi, dabarar Ba'amurke, salon Italiya, tayil ɗin Ingila, fitilar Bayahuden Iraƙi. Haka Bombay take a farkon ƙarni na 20, garin tashar jiragen ruwa ne da auduga ta azurta.

An yi opera sosai a cikinsa kuwa?

Ba kamar yadda sunan ya nuna ba. Bombay ba ta da ƙungiyar opera tata ta dindindin kamar Milan ko Vienna. Sai dai a jira jirgi ya kawo baƙi, su yi 'yan makonni su ƙara gaba. Abin da suke kawowa ma galibi wasannin barkwanci ne masu waƙa, da masu rufa-ido, da makamantansu.

Waɗanda suka raya dandamalin da gaske 'yan ƙasa ne. Akwai 'yan wasan kwaikwayo mai waƙa na harshen Marathi, wato harshen mutanen yankin Bombay, irin su Bal Gandharva, namiji ne da ya shahara da fitowa a matsayin mace a lokacin da mata ba sa hawa dandamali, har mata suna kwaikwayon yadda yake ɗaura zane. Akwai Dinanath Mangeshkar, mahaifin Lata Mangeshkar da Asha Bhosle, waɗanda duk mai kallon fim ɗin Indiya ya sha jin muryarsu ko bai san sunansu ba.

Sai kuma Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj da Shammi da Shashi Kapoor. A 1944 ya kafa ƙungiyar wasansa mai suna Prithvi Theatres, kuma wannan gida ne dandalinta a Bombay. A lokacin gidan ya riga ya zama sinima, don haka sai a yi wasan kwaikwayo da hantsi, a share wuri, a sauke farin ƙyalle, fim ya karɓa. Wasu daga cikin wasanninsa suna jan kunne ne kan gabar da ke ruruwa tsakanin Hindu da Musulmi gab da raba ƙasar a 1947. An san shi da wata ɗabi'a: idan an tashi daga wasa, yakan tsaya a bakin ƙofa da jakar ƙyalle a hannu, kansa a sunkuye, masu fita suna jefa abin da ya sawwaƙa, a tara don taimakon mabuƙata. A cikin wannan ƙungiya 'ya'yansa suka koyi sana'a kafin su zama taurarin fim.

To yaushe ya koma sinima, kuma me ya jawo?

Ba dare ɗaya aka yi ba, a hankali fim ya cinye shi.

Fim ya riga gidan zuwa Bombay. Tun watan Yuli na 1896 wakilan 'yan'uwan nan Lumière na Faransa suka nuna hotuna masu motsi a otal ɗin Watson. A 1913, shekara guda bayan kammala ginin, Dadasaheb Phalke ya fitar da cikakken fim ɗin Indiya na farko, kuma a unguwar Girgaon aka nuna shi, wato maƙwabtan wannan gida. Kenan tun yana jariri abokin hamayyarsa yana bakin ƙofa.

Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, zirga-zirgar jiragen ruwa ta yi wuya, tawagogin Turai suka yi ƙaranci. Zuwa 1917 gidan ya fara raba lokacinsa tsakanin wasa da fim. Bandmann ya rasu a 1922, harkarsa ta fara tangal-tangal. A 1925 kamfanin finafinai na Faransa mai suna Pathé ya karɓi hayar gidan don nuna finafinansa. A 1931 fim mai magana ya iso Indiya ta hannun Ardeshir Irani, kuma da waƙoƙinsa ya zo. Wannan ne ya karya ƙashin bayan wasan dandamali, domin abin da ya rage masa a da shi ne murya da waƙa, ga shi fim ya ƙwace. A 1935 kamfanin Ideal Pictures ya karɓi gidan, a shekarar da ta biyo ya yi masa gyara irin na sinima.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan za ka kawo tawagar mawaƙa, sai ka biya kuɗin jirgi, masauki, abinci, makaɗa, masu ɗinki, masu jan labule, kuma muryar ɗan Adam ba ta jure wasa uku a rana. Idan jaruma ta kwana da mura, an yi asarar daren. Fim kuwa 'yan gwangwanaye ne da mutum ɗaya zai ɗauko a keke. A nuna shi da rana, a nuna da yamma, a nuna da dare, ba ya gajiya, ba ya neman ƙarin albashi. Tikiti ya yi sauƙi, leburan masaƙa da akawu da ɗalibi duk suka samu shiga wurin da a da sai mai keken doki. Ba Bombay kaɗai ba, a Amurka da Turai ma ƙananan gidajen opera masu ɗimbin yawa haka suka ƙare a tsakanin 1910 da 1940.

Me ake canzawa a gini idan za a mayar da shi sinima?

Abu na farko ɗakin majigi. Dole a samar masa wuri a can baya, a ɓula 'yan tagogi inda haske zai fita ya doki ƙyalle. Kuma dole a killace shi sosai, domin faifan fim na wancan zamani, har zuwa farkon shekarun 1950, ana yin sa ne da wani sinadari mai kama wuta nan take, ga fitilar majigi da zafi. Mutanen Kano sun san wannan da jikinsu: gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta halaka mutum fiye da 300, daga ɗakin majigi ta tashi.

Na biyu, kujerun da suka fi daraja sai su koma mafi muni. 'Yan ɗakunan gefe an yi su ne don mai kuɗi ya ga dandamali daga kusa, jama'a kuma su gan shi. Amma ƙyalle shafaffe ne, wanda ya zauna a gefensa sai ya ga fuskar jarumi a miƙe a karkace. Don haka akan toshe su ko a cire. Ramin makaɗa yakan yi amfani a zamanin fim marar magana, lokacin da ake kiɗa kai tsaye don raka hoto, amma da sauti ya shigo sai a rufe shi da katako a ƙara layin kujeru. Sararin saman dandamali da igiyoyinsa su zama gidan ƙura da tantabaru.

Sai batun ado. A shekarun 1930 sababbin sinimomi suka tashi a Bombay cikin salon zamani da ake kira Art Deco: Regal a 1933, Eros da Metro a 1938. Kusa da su, ginin da ke cike da furannin siminti da ruwan zinare sai ya zama kamar tsohon yayi. Aka bi shi da fenti kan fenti, aka sauya daɓe da ƙofofi da tagogi, abin da aka ga ya tsufa aka rufe shi.

Ashe wannan ba ci baya ba ne ga gida irin wannan?

Masu son tsofaffin gine-gine sukan ba da labarin haka: wai gidan ya faɗi daga daraja ya koma wurin cin gyaɗa da fito. Ni ban yarda ba. Shekarun sinimar su ne suka riƙe rufin. Ginin da ba a shiga ba a gyara shi, kuma da an dage sai opera ko a rufe, da tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu an mayar da shi sito ko an rushe. Fim ya biya masu gadi da masu shara da kuɗin wuta na fiye da shekara sittin. A cikin waɗannan shekaru ne kuma gidan ya zama na mutanen gari da gaske, inda ake bikin fitowar sababbin finafinan Hindi, wasu su yi makonni 25 ana nunawa ba a sauke ba, abin da masu harkar ke ɗauka babbar nasara.

A kwatanta da gidan opera na Alƙahira da mai mulkin Masar Khedive Isma'il ya gina a 1869 lokacin buɗe mashigin Suez. Shi ya riƙe martabarsa har ƙarshe, gobara ta cinye shi a 1971, yau benen ajiye motoci ne a wurin. Ba a ce sinima ce za ta hana wuta ba, amma ya nuna cewa tsayawa kan asali ba ya ba gini tsawon rai.

Akwai kuma wani abu. Fim ɗin Indiya bai zo wa wannan dandamali a baƙo ba. Tsarinsa na labari da waƙa da rawa da barkwanci da kuka duk a cikin tukunya guda, daga wasan dandamali na 'yan Parsi da na Marathi ya gado shi. Marubuta da mawaƙa da 'yan wasa da yawa daga can suka tsallaka zuwa fim. Wanda ya zauna a wannan zaure a 1920 yana sauraren jarumi yana rera baƙin cikinsa, da ya dawo a 1960 zai tarar ana abu guda, sai dai yanzu a jikin ƙyalle.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da mu?

Akwai, ta hanyar fim ɗin kansa. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Lebanawa suka fara shigo da finafinan Bombay sinimomin Arewa, kuma suka samu karɓuwar da ta ba kowa mamaki. A Kano an buɗe Rex tun 1937, daga baya aka samu irin su Palace da El Dorado da Plaza da Marhaba. Masana'antar da ke cika kujerun Royal Opera House ita ce ke cika bencinan waɗannan wurare, taurarin ma su ne, har sunayen Hausa aka laƙaba wa wasu, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Waƙa da rawar da ake ta muhawara a kansu a finafinan Hausa, idan aka bi salsalarsu, ta nan suka biyo.

Bambancin a gini yake. Galibin namu filaye ne da aka kewaye da katanga ba rufi, sai duhu ya yi a kunna majigi. Amma cutar da ta kama su iri ɗaya ce, wato bidiyo, ko da yake a Kano an ƙara da rufe sinimomi da gwamnati ta yi a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da shari'a.

An ce wani sarki ne mai gidan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A 1952 Maharaja Vikramsinhji na Gondal, wata masarauta a yankin da ke cikin jihar Gujarat a yau, ya karɓi gidan bisa yarjejeniyar haya ta shekara 999. A lokacin Indiya ta yi shekara biyar da samun 'yanci, sarakunan gargajiya sun miƙa ƙasashensu ga gwamnatin tarayya, masu hangen nesa a cikinsu suna zuba dukiya a kadarori. A 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake ba su duk shekara tare da muƙamansu a hukumance. Har yau gidan yana hannun wannan iyali.

Me ya sa aka rufe shi?

Talabijin mai launi ta shiga Indiya a 1982, na'urar bidiyo ta biyo baya, da kasakasan satar fasaha da ake haya a kowane lungu. Iyali sai su zauna a gida su kalli sabon fim da kuɗin da bai kai tikitin mutum ɗaya ba. Ga harajin nishaɗi mai nauyi da gwamnatin jiha ke ɗora wa kowane tikiti. Ga tsohon gini da ke shan kuɗin gyara, kuma masu hali sun fara ƙaura zuwa unguwannin arewacin birnin. A farkon shekarun 1990 aka daina haska fim, a 1993 aka sa kwaɗo. Sinimomin zamani masu ɗakuna da yawa a cikin manyan kantuna, waɗanda suka fara bayyana a Indiya daga 1997, ba su suka kashe shi ba, sun dai tabbatar ba zai dawo a matsayin sinima ba.

Shekara 23 a kulle a tsakiyar Mumbai, me ya hana a rushe shi?

Abu biyu. Na ɗaya doka: a 1995 birnin ya kafa ƙa'idojin kare gine-ginen tarihi, na farko irinsu a Indiya, kuma wannan gida yana cikin jerin waɗanda ba a taɓawa sai da izini. Na biyu masu shi ba su sayar ba. Fili a kudancin Mumbai yana cikin mafi tsada a duniya, kuma sinimomi da dama na zamaninsa sun koma kantuna da benaye. Doka kaɗai ba ta isa ba, domin mai gida da ya ƙudurta rabuwa da tsohon gini yana da hanya: ya bar shi damina ta yi masa aiki har hukuma da kanta ta ce ya zama haɗari.

Damina kuwa ta yi nata. Ruwan Mumbai daga Yuni zuwa Satumba ba wasa ba ne, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe. Rufi ya yi ta yoyo, katako ya ruɓe, itatuwa suka tsiro a jikin bango. A 2012 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya da ke buƙatar agajin gaggawa.

Yaya aka gyara shi?

Ɗan Vikramsinhji, wato Jyotendrasinhji, da matarsa Kumud Kumari su suka ɗauki nauyin aikin daga aljihun iyali. Suka damƙa shi ga Abha Narain Lambah, ƙwararriyar mai gyaran tsofaffin gine-gine a Mumbai. Aikin ya ci shekaru da dama.

An fara da abin da ba ya burge ido: toshe yoyo, ƙarfafa rufi da benaye, gyara bangon waje. Sai da ginin ya daina shan ruwa aka shiga ciki. Nan aka tarar da tambaya mai wuya: wane zamani za a mayar da shi? Na 1916 ko na 1936 ko na 1970? Aka zaɓi na farko. Ma'aikata suka riƙa kankare fenti a hankali, shafi bayan shafi, har su kai ga launin asali. Aka nemo tsofaffin hotuna don a ga yadda 'yan ɗakunan gefe suke kafin a kawar da su, aka sake gina su. Aka wanke fitilun ƙarau, aka gyara zanen ƙubba da gilasai masu launi.

Mafi wahala shi ne cusa kayan zamani ba tare da an gan su ba: na'urar sanyaya zaure, wayoyin lantarki, bututun kashe gobara, kayan sauti da haske, duk a cikin ginin da ba a tsara shi da su ba. A ganina an ɗan yi wa zamanin sinimar rowa a wannan gyara, tunda shi ne mafi tsawo a tarihin gidan kuma shi ne abin da tsofaffin unguwar suke tunawa. Amma aikin ya yi kyau, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta ba shi lambar yabo ta kare kayan tarihi ta yankin Asiya da Pasifik.

Yanzu me ake yi a ciki? Ana nuna fim har yanzu?

An sake buɗe shi a watan Oktoba na 2016. Taron farko shi ne bikin buɗe baje kolin finafinai na Mumbai da ake kira MAMI, washegari kuma Patricia Rozario, mawaƙiyar opera haifaffiyar birnin da ke zaune a Birtaniya, ta yi waƙa. Wato an ba kowane ɓangare na tarihin gidan darensa.

Yau zaure ne na wasanni iri-iri mai kujeru kimanin 575: kaɗe-kaɗen gargajiyar Indiya, raye-raye, wasan kwaikwayo, jazz, barkwanci, taron marubuta, wani lokaci opera. Akan nuna fim a lokuta na musamman, amma ba sinimar kullum ba ce da za ka je ka yanki tikitin ƙarfe uku. Ana yawan kiransa gidan opera ɗaya tilo da ya rage a Indiya.

Na ji an taɓa kai harin bam a Opera House. Ginin ne?

A'a. Sunan gidan ya daɗe da zama sunan unguwar baki ɗaya, har direban tasi da bai taɓa shiga ciki ba ya san Opera House. Unguwar ta yi suna da kasuwar lu'ulu'u, inda dillalai, galibinsu 'yan Gujarat, ke ciniki a benaye da bakin titi, kafin yawancin harkar ta koma sabuwar cibiya a Bandra Kurla. A ranar 13 ga Yuli 2011 bama-bamai uku suka tashi a Mumbai, a Zaveri Bazaar da Dadar da wannan unguwa, mutum 26 suka mutu. Na Opera House a lungun 'yan lu'ulu'u ya tashi, lokacin gidan wasan yana rufe ana gyara.

Idan mutum ya je Mumbai, zai iya shiga?

Zai iya, amma ba gidan tarihi ba ne da ake buɗewa kowace safiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba jadawalin wasanninsu a intanet a sayi tikitin wani taro. Yana kan titin Mama Parmanand, a sauka a tashar Charni Road ta layin jirgin yamma, kuma bakin tekun Girgaon Chowpatty yana nan kusa. Masu zuwa Mumbai neman magani ko sarin kaya, idan suka samu yamma ɗaya babu uzuri, su je da wuri kafin a fara, domin ƙubbar da fitilun Sassoon a mashiga suke, kuma da an buɗe ƙofar zaure cunkoso ba ya barin mutum ya tsaya ya ɗaga kai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayin garin ya fi daɗi, kuma a lokacin ne wasanni suka fi yawa.